Tarihin Duba Jirgi da Fasa Tashi, Daga Heipang Zuwa Gwammaja

Al'adar da matuƙan jirgin sama ke bi kafin tashi, inda ɗaya ke karanto jerin abubuwan dubawa, ɗayan kuma yana taɓa kowanne yana amsawa, ta samo asali ne daga hatsarin filin Wright na Amurka ranar 30 ga Oktoba 1935, shekara 10 bayan jiragen farko sun sauka Kano. Sabon jirgin yaƙi na kamfanin Boeing ne ya faɗi yana tashi, domin an manta ba a cire makullin da ke hana iska kaɗa jelarsa yana ajiye ba, kuma da yake matuƙin gwani ne, aka gane cewa ƙwarewa ba ta hana mantuwa, aka mayar da dubawar rubutacciya.

Daga baya aka ƙara lissafin da ake kira V1, wato gudun da jirgi zai kai a kan titi wanda kafinsa matuƙi yana iya rage wutar inji ya taka birki ya fasa tashi, bayansa kuwa ragowar titin ba zai ishe shi tsayawa ba. Ana sake wannan lissafi a kowace tafiya bisa nauyin jirgi da tsawon titi da zafin rana da tsayin wurin, saboda iskar tudu da iskar zafi ba su da kauri, sai inji ya rage ƙarfi, fukafukai su nemi ƙarin gudu. Batun ya shafi mutanen Gangare da sauran unguwannin Jos kai tsaye, tunda filin jirginsu na Yakubu Gowon da ke Heipang yana kan tsayin da ya haura mita 1,200, ko da yake sanyin Filato yakan sassauta matsalar.

Alhazan Arewa sun ɗanɗana ɗacin sakaci da ƙa'idar duba jirgi da fasa tashi a Jidda ranar 11 ga Yuli 1991. Jirgin DC-8 da aka yi haya daga Kanada don kai su Sakkwato ya fito da tayoyin da iskarsu ta gaza, makanikai sun san da haka, amma aka sallame shi gudun jinkiri. Tayoyin suka fashe tun yana gudu a ƙasa, ba a fasa tashin ba, aka naɗe su cikin jirgin suna ci da wuta, mutum 261 suka rasu.

Hatsarin da ya fi taɓa Jos shi ne na ranar 4 ga Mayu 2002, lokacin da jirgin BAC 1-11 na kamfanin EAS ya taso daga Jos ya ya da zango a Kano kan hanyarsa ta zuwa Legas. Da tsakar rana cikin zafin bazara, a kan gajeren titi domin dogon yana hannun masu gyara, jirgin ya cinye titin duka bai ɗaga ba, ya shiga turɓaya, injinansa suka shaƙi ƙura, ya ɗan tashi da ƙyar sannan ya faɗa gidajen unguwar Gwammaja. Fiye da mutum 100 ne suka rasu a jirgin da ƙasa, cikinsu har da Ministan Wasanni Ishaya Mark Aku, ɗan jihar Filato.

Gwamnatin Tarayya ta dakatar da wannan samfurin jirgi, ta kuma daina yi wa jiragen da suka haura shekara 22 rajista, matakin da ya kwantar da hankalin jama'a amma bai taɓa ainihin ciwon ba, domin masu bincike sun fi ɗora alhakin a kan gazawar matuƙan wajen ɗaga jirgin cikin tsawon titin da suke da shi, da rashin haɗin kai tsakaninsu a lokacin da ya kamata ɗayansu ya ce a tsaya.