Harajin VAT a Kan Kuɗin Dakon Kaya: Nazari a Kan Sabon Birni da Isa

Tsakure

Maƙalar ta duba matsayin kuɗin dako da ake rubutawa a takardar ciniki, ko haraji na hawa kansa. An yi nazarin dokokin harajin Nijeriya, aka auna su da yanayin kasuwanci a Sabon Birni da Isa. An gano cewa harajin na hawa, kuma ya fi danne mazauna nesa.

1.0 Gabatarwa

Kayan masarufi da na gini suna isa ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa ne daga Sakkwato ta Goronyo, ko daga Gusau ta Ƙaura Namoda da Shinkafi. Ta'addancin 'yan bindiga a hanyoyin ya sa direbobi tsawwala kuɗin mota, har dako ya zama babban kaso na farashin kaya.

2.0 Matsayin Doka

Dokar soja mai lamba 102 ta 1993 ce ta kawo VAT a madadin harajin sayarwa na 1986. An fara karɓarsa a 1994 a kan kashi 5 cikin ɗari, ya koma 7.5 a Fabrairun 2020. Ƙa'idar ita ce kowane kaya da kowane aiki na ɗaukar haraji, sai wanda doka ta keɓe. An keɓe motocin haya na fasinja, amma ba a keɓe dakon kaya ba.

Saboda haka, idan dila ya sayar da siminti ya kuma kai shi Isa, ware kuɗin mota a layi daban ba ya kuɓutar da shi daga haraji. Kayan da aka shigo da su daga Maraɗi ma, akan haɗa kuɗin jigila har zuwa iyaka kafin a lissafa harajin.

3.0 Tattaunawa

Gero da wake da albasa ba sa ɗaukar VAT, amma kamfanin da ya yi dakonsu yana caza. Dokar Kuɗi ta 2019 ta ɗauke wa mai cinikin ƙasa da naira miliyan 25 a shekara nauyin karɓar harajin, kuma ƙananan direbobi a nan suka faɗa. A tsohuwar doka ɗan kasuwa ba ya iya cire harajin da ya biya a kan dako daga wanda zai miƙa wa gwamnati, sai ya ɗora wa mai saye. Dokar Haraji ta 2025, wadda ta fara aiki a Janairun 2026, ta ba mai rajista damar cirewa. Wanda ba shi da rajista har yanzu shi ke ɗauka.

4.0 Kammalawa

Tunda kaso ake cira, duk ƙarin da rashin tsaro ya jawo a kuɗin mota ƙarin haraji ne a kan Bagobirin waɗannan yankuna da ya riga ya jikkata. Ya kamata gwamnati ta ɗauke VAT daga dakon kayan abinci, hukumar haraji kuma ta wayar da kan 'yan kasuwa da Hausa game da haƙƙinsu a sabuwar doka.