Miki na Yaƙi a Cikin Gida: Shaidar Gajerun Labarai Uku

Littattafan tarihi sukan ƙidaya waɗanda suka faɗi a fagen daga, amma ba safai suke bin wanda ya tsira zuwa gidansa ba. Tun 1915 likitocin Ingila suka lura da firgitar da ke kama soja, amma sai a 1980 likitocin Amurka suka sa ta cikin jerin cututtukan ƙwaƙwalwa da suna nata na kanta. Kafin nan marubuta gajerun labarai sun riga sun nuna inda ciwon ke fitowa, watau a cikin ƙarya da shiru tsakanin iyali.

A 1925 Ernest Hemingway ya fitar da labarin Krebs, saurayin da ya komo Oklahoma a 1919, bayan an gama murnar tarbar mayaƙa. Babu mai son jin gaskiyar abin da ya gani. Ran nan uwarsa ta tambaye shi ko yana ƙaunarta, ya ce a'a. Da ta fashe da kuka sai ya janye maganar, ya rarrashe ta da abin da bai kai zuci ba, sa'an nan ya ƙudura barin gari.

A Jamus kuwa, cikin yunwar 1946, Wolfgang Borchert ya ba da labarin tsohuwar da ta tarar da mijinta a madafa da tsakar dare, ya ci burodi a ɓoye. Bayan shekara 39 da aure ya yi mata ƙarya, ita kuwa ta rufa masa asiri. Kashegari ta ƙara masa yanka ɗaya daga rabonta, ta ce cikinta ba ya karɓa.

Chinua Achebe ya kawo batun Nijeriya a 1971, bayan yaƙin basasa. Jonathan ya tsira da matarsa da 'ya'ya uku cikin huɗu. Wanda ya rasu sau da ƙyar aka ambace shi. Ɓarayi suka ƙwace masa fam 20 da dare, gari na wayewa matar tana tuyar ƙosai kamar ba a yi kome ba.

Cikin labaran nan ba a nuna fagen daga ko sau ɗaya ba. Saboda haka malamin da ke koyar da su ya kamata ya sa ɗalibai su nemi abin da mutanen gidan suka kasa faɗa wa juna, gama a nan yaƙin ya saura.