Daga kaset ɗin Idumota zuwa wayar aljihu: yadda kyamara ta koyi ganin fuskarmu



Duk wanda ke da kaset ɗin biki ko na suna da aka ɗauka a Agege ko Idi-Araba shekaru talatin da suka wuce ya san abin da zai gani in ya saka shi: manyan riguna farare fat, fuskokin masu rigunan kuwa duhu, sai haƙora da fararen idanu. Akan ce mai bidiyon ne bai iya aiki ba. Wani lokacin haka ne, amma yawanci laifin na'urar ne, kuma matsalar ta girmi bidiyo.

Tun zamanin da ake wanke hoto, kamfanin Kodak na Amurka yana raba wa masu wanki wani kati mai hoton wata Baturiya, da shi ake daidaita launi. Ana kiransa katin Shirley, an fara shi a shekarun 1950. In fatar Shirley ta fito daidai, to inji ya daidaitu. Ba a auna da baƙar fata ba. Masu binciken tarihin hoto sun ruwaito cewa a shekarun 1970, koken masu sayar da cakulan da kayan katako, waɗanda hajarsu ba ta fitowa a talla, yana cikin abin da ya sa kamfanin ya gyara yadda fim ɗinsa ke ɗaukar launin ƙasa-ƙasa. Wato cakulan ya riga mu samun hakkinsa.

Akwai kuma dalili na biyu da ya fi shafar mu Hausawa. Kyamara tana auna hasken da ke gabanta gaba ɗaya, ta nemi tsaka-tsaki. Mu kuwa ranar Sallah ko ɗaurin aure farar shadda muke sawa, mu tsaya cikin rana. Sai kyamara ta ga fari ya yi yawa, ta rage haske don kada rigar ta ƙone, fuska ta nutse. In aka buɗe don fuska, aikin wuyan rigar ya ɓace. Tsohuwar na'ura ba ta iya riƙe biyun a lokaci guda.

Da irin wannan na'ura aka kafa sana'ar finafinan bidiyo a Najeriya. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya. A 1992 Kenneth Nnebue, ɗan kasuwar kayan lantarki a nan Legas, ya fitar da Living in Bondage da harshen Ibo, a kan kaset ɗin VHS. Daga nan Idumota ta zama cibiyar dillalan fim a kudu, kamar yadda Ƙofar Wambai ta zama ta kaset a Kano. Kaset ɗin VHS layin hoto kusan 240 kawai yake iya nunawa, kuma duk kwafin da aka yi daga wani kwafin sai ya ƙara lalacewa. Kafin kaset ya bar Idumota ya isa Sakkwato, an gurza shi sau uku ko huɗu, launi ya zube, fuska ta zama dishi-dishi. Kaset ɗin bukukuwanmu ma haka aka yi musu: na asali yana wajen mai bidiyo, dangi kuwa kwafin kwafi suka samu. Da faifan VCD ya shigo sai gurzawa ta daina rage inganci, amma shi ma ɗigo 352 ne a kwance, 288 a tsaye.

Yanzu sai mu koma baya kaɗan, mu ga inda maganin ya faro. A 1969, a ɗakin bincike na Bell da ke Amurka, Willard Boyle da George Smith suka ƙirƙiro wani ɗan allo mai mayar da haske zuwa lantarki, ana kiransa CCD. Shi ne kakan abin da masu gyaran waya a Computer Village ta Ikeja ke kira sansa. Sai a 2009 aka ba su kyautar Nobel. A 1975 wani injiniyan Kodak, Steven Sasson, ya haɗa kyamarar dijital ta farko da shi. Ɗigo dubu goma kacal take ɗauka, baƙi da fari, kuma sai ta yi daƙiƙa 23 kafin ta adana hoto ɗaya a kan kaset. Kodak ta ji tsoron abin zai kashe mata cinikin fim, ta yi sanyin jiki, a 2012 kuma ta shiga kotu neman kariya daga masu binta bashi.

Abin da nake so mu riƙe shi ne na Bryce Bayer, shi ma ma'aikacin Kodak, wanda aka yi wa rajista a 1976. Sansa ba ya ganin launi, yawan haske kawai yake ƙirgawa. Sai Bayer ya shimfiɗa masa tankaɗe mai launi uku: rabin ɗigogin kore, kwata ja, kwata shuɗi. Kowane ɗigo launi ɗaya yake gani, sauran biyun kuwa lissafi ne ake yi daga maƙwabtansa. Ke nan kashi biyu cikin uku na launin da ke hoton wayarka kintace ne. Wanda ya rubuta lissafin shi ke yanke yadda fatarka za ta fito.

A farkon shekarun 1990 Eric Fossum da abokan aikinsa a hukumar NASA suka fito da sansa na CMOS, mai arha da ƙarancin cin batir. Shi ya ba kyamara damar shiga waya. A 2000 aka fara sayar da wayar Sharp mai kyamara a Japan, a 2001 kuma GSM ya zo Najeriya. Amma wayoyin farko sun gaji halin Shirley, in magariba ta yi ba ka gane kowa a hoto.

Kamfanin Transsion na ƙasar Sin, mai Tecno da Itel da Infinix, wanda aka kafa a 2006, shi ne ya mai da wannan koke jari. Ya tattara hotunan 'yan Afirka masu yawa, ya daidaita lissafin kyamararsa a kan baƙar fata. Ba don Allah ya yi ba, kasuwa ya gani, kuma ya same ta. Google sai a 2021 ya fito da irin nasa gyaran a wayar Pixel 6. Matsalar farar shadda kuwa da dabara aka magance ta: in ka danna sau ɗaya, wayar hotuna da yawa take ɗauka, wani mai duhu don riga, wani mai haske don fuska, ta haɗe su. Haka ma hoton dare. Kuma wayar da aka rubuta wa megafiksel 48, yawanci ɗigo huɗu take haɗewa ya zama ɗaya don ta tara haske, hoton ya fito 12. Don haka kada lambar jikin kwali ta ruɗe ka a kasuwa.

Sai dai gyaran ya fara wuce gona da iri. Wasu wayoyin ba su tsaya ga haska fuska ba, bilicin suke yi mata, su goge zanen gado da tabon sallah. Wanda ya fi damuna kuwa shi ne manhajojin ƙirƙirarriyar basira da matasanmu ke saka tsofaffin hotunan iyaye a ciki don su "fito". Abin da kyamara ba ta ɗauka ba ranar, ba inda za a samo shi. Manhajar tana cike gurbin ne da ido da hanci da ta koya daga fuskokin wasu mutane. Sai ka ga hoton marigayi ya fito tangaran, amma tsofaffin da suka zauna da shi su ce ba shi ba ne. Kakanninmu da suka biyo jirgin ƙasa suka kafa zango a Agege kan cinikin goro, da yawansu hoto ɗaya suka bari, wasu na fasfo ɗin aikin Hajji ne. In aka yaɗa na jabu aka yar da na asali, jikoki fuskar baƙo za su gada.

Saboda haka muna roƙon duk mai tsohon hoto ko kaset na naɗin sarauta, buɗe masallaci, saukar karatu ko biki, ya adana na asalin ko da ya yi dishi-dishi. Danshin Legas yana sa kaset ya yi fumfuna, kuma injin da zai karanta shi yana ƙara wuya, gara a juye shi yanzu. Hoton takarda kuwa a ɗauke shi a inuwa da rana, ba filasha, ba manhajar gyara. In za a turo wa ƙungiya ta WhatsApp a turo shi a matsayin fayil, domin turawar da aka saba tana matse hoto. A haɗo da sunayen waɗanda ke ciki, da unguwa, da shekara in an sani, tun dattawan da za su iya gane su suna raye.