Tsakanin Wakafin Bagadadi da Tallafin Wa'adi: Wa Ya Biya Kuɗin Binciken Cutukan Ƙasar Mai Wurno?

Abubuwa biyu sun faru a shekarar 1903 waɗanda a lokacin babu mai zaton hanya za ta haɗa su. A watan Yuli Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a suka fuskanci gabas. A cikin shekarar nan kuma aka buɗe ɗakunan binciken cutuka a Kwalejin Gordon da ke Hartum, da kayan aikin da attajirin magunguna Henry Wellcome ya saya da kuɗin aljihunsa. Wajen 1906 masu hijira suka sauka a bakin Nilul Azraƙ, daura da Shaihu Talha, kudu kaɗan da Sinnar, garin da suka kafa ya ci sunan jagoransu. Bayan shekara ashirin sai ga jama'ar Mai Wurno da likitocin Hartum sun haɗu, ɗaya yana miƙa fitsarinsa a kwalba, ɗaya yana leƙa shi a madubin likita.

Mai karatu zai so ya san abin da ya haɗa su. Auduga ce. A 1925 aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar, aka saki ruwa cikin magudanan Jazira, gonar audugar da ta zama jigon baitulmalin Sudan. Gona mai wannan faɗi tana son hannaye, kuma Hausawa da Fulani da Barebari, waɗanda mutanen ƙasar ke haɗawa su kira Fallata, suna cikin waɗanda suka fi ɗaukar wahalarta, daga tsinkar auduga zuwa yashe magudanai. Ruwan da ke kwance a magudanai kuwa gida ne ga sauro, gida ne ga ƙananan katantanwa masu goyon tsutsar tsargiya. Hukuma ta ga abin da tsargiya ta yi wa manoman Masar, ta tsorata kada ta kwantar mata da lebura. Shi ya sa aka kafa wuraren tsare ma'aikata ana duba su kafin su shiga gonar, mutanen Masar a Wadi Halfa, sannan aka juya kan mutanen yamma, ana musu kallon su ne masu ɗauko cutar. Maganin da ake ɗura musu ma a Hartum aka gano amfaninsa: Dakta Christopherson ne ya gwada allurar wani sinadarin antimoni a kan masu tsargiya, ya buga sakamakon a mujallar Lancet a 1918. Allura ce mai azaba, ana yin ta kwanaki da yawa a jere, ba abin mamaki ba ne lebura ya gudu kafin a gama.

Ya kamata a lura da inda kuɗin binciken farko suka fito, domin halinsu bai canza sosai ba har yau. Na Wellcome kyautar baƙo ce, kuma shugabannin ɗakunan, daga Andrew Balfour zuwa Chalmers zuwa Archibald, duk Turawa ne. Na biyu sun fi ban mamaki. A Nuwambar 1924 aka harbe gwamnan Sudan, Lee Stack, a Alƙahira, Ingila ta ɗora wa Masar tarar fam 500,000. Daga cikin kuɗin nan aka gina ɗakunan gwaje-gwajen da aka sa wa sunan Stack a Hartum, waɗanda suka zama cibiyar binciken lafiya ta ƙasar baki ɗaya. Wato ginin da ya reni manyan masu binciken Sudan da kuɗin diyya aka ɗora tubalinsa.

Akwai kuɗi na uku, kuma a ganina su suka fi cancantar a daɗe a kansu. A 1924 aka buɗe Makarantar Likitanci ta Kitchener, ta yaye ɗalibanta na farko a 1928. Wani ɗan kasuwa mazaunin Hartum, Ahmad Muhammad Hashim Bagadadi, ya mayar da gidajensa da shagunansa wakafi, hayarsu ta riƙa tafiya ga ɗaliban likitanci. Bagadadi ba likita ba ne, bai kuma ce a binciki cuta kaza cikin shekara kaza a kawo masa rahoto ba. Ɗalibi ya riƙe, ya ɗauke masa tunanin abin kashewa, ya bar shi da littafinsa. Ya rasu tun zamanin mulkin mallaka, amma sunansa bai fita daga bakin likitocin Hartum ba, har ɗakin lacca aka sa wa sunansa. Bahaushe ya san irin wannan alheri tun a zaure, inda attajirin unguwa ke ciyar da almajiran malam ba tare da ya tambayi wace sura suka kai ba.

Daga makarantar nan mutane biyu suka fito a tsakiyar shekarun 1930 waɗanda rayuwarsu ke nuna yadda ake gina malamin likita. Mansur Ali Hasib ya shiga ɗakunan Stack, aka tura shi Ingila ya ƙware a ilimin ƙwayoyin cuta, ya dawo ya zama ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci ɗakunan a 1952, sannan ɗan ƙasa na farko da ya zama shugaban tsangayar likitanci ta Jami'ar Hartum a 1963. Muhammad Hamad Satti ya fi kusa da labarinmu, domin a Sinja, da ke kudu da Mai Wurno a bakin kogi ɗaya, ya yi wani ɓangare na aikinsa na farko. Yankin ne na kala'azar, zazzaɓin da ke kumbura saifa ya rame mutum, wanda in ba a yi magani ba yakan kai kushewa. Satti ya yi aiki tare da Robert Kirk, a shekarun 1940 suka buga sakamakon gwajin maganin da daga baya aka sani da Pentostam, wanda ya zama madogarar likitoci a kan wannan cuta shekaru masu yawa. A 1946 ya koma Stack, ya yi karatu a Ingila, ya yi digirin lafiyar jama'a a Johns Hopkins ta Amurka, ya gaji Hasib a shugabanci. Da annobar kala'azar ta ɓarke a kudancin Funj a 1956, shi ne ya shiga daji ya bi ta.

A dubi tsanin da kyau: aiki a karkara tukuna, sannan babban da zai riƙe hannun yaro har sunansa ya fito a takardar bincike, sannan guraben karatu a waje da gwamnati ke biya, sannan kujera da ɗakin gwaji suna jiransa in ya dawo. Bayan da Jami'ar Hartum ta tsaya da ƙafarta a 1956 ta ci gaba da wannan tsari. Takan zaɓi zakarun ɗalibai ta ɗauke su mataimakan malamai, ta tura su Ingila, su dawo su koyar. Albashin malamin jami'a a wancan zamani yana riƙe gida, saboda haka mutum na iya ƙarar da yammacinsa a gaban madubin likita maimakon ɗakin duba marasa lafiya na kuɗi.

To, ina 'ya'yan Mai Wurno a kan wannan tsani? A nan ne labarin ke da ɗaci. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi mutum ya nuna cewa shi ko kakanninsa na wajen uba suna zaune a Sudan tun 31 ga Disambar 1897. Mutanen da suka baro Burmi a 1903 sun makara da shekara shida tun kafin su taka ƙasar. An sassauta sharaɗin daga baya, amma ƙarni guda na yara ya riga ya wuce, kuma takardar ɗan ƙasa ita ce mabuɗin aikin gwamnati da gurbin karatu a waje. Gaskiya kuma ɗaya ce: iyayen da suka yi hijira don guje wa Nasara ba su yi gaggawar miƙa 'ya'yansu makarantarsa ba, allo ya fi kwanta musu a rai. Dalilan biyu suka taru, sai Bahaushen Jazira ya daɗe yana bayyana a takardun bincike a matsayin adadi cikin jadawalin masu cuta. Masu binciken tsargiya na shekarun 1970 da 1980 sun nuna cewa cutar ta fi tsanani ga masu yashe magudanai da mazauna kambo, ƙauyukan leburori da ke bakin ruwa ba famfo ba masai.

Jami'ar Jazira, wadda aka kafa a Wad Madani a 1975, ta yi ƙoƙarin juya akalar. Tsangayar likitancinta ta karɓi ɗaliban farko a 1978 a ƙarƙashin Farfesa Bashir Hamad, da manufar cewa a koyi likitanci daga matsalolin jama'ar da ake zaune cikinsu. Ɗalibai kan tare a ƙauye, su ƙidaya gidaje, su gano abin da ke damun mutane, su tsara mafita, su dawo su auna ko ta yi aiki. Wannan ya sauya aikin malami shi ma, domin ƙauyen ya zama ɗakin bincikensa, ba sai ya jira na'ura daga Landan ba. Tsangayar tana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar makarantun likitanci masu fuskantar al'umma a 1979, tare da takwarorinta na wasu nahiyoyi.

A daidai lokacin ne kuɗi masu yawa suka shigo yankin. Shirin Lafiya na Nilul Azraƙ, wanda gwamnati da Hukumar Lafiya ta Duniya suka tsara na shekara goma daga 1979, ya tunkari zazzaɓin cizon sauro da tsargiya da gudawa a tsakanin mutum kusan miliyan 2 a gonakin Jazira da Manaƙil da Rahad, a ƙarƙashin Dakta Ahmad Ayyub Al-Gaddal. An fesa gidaje, an kashe katantanwa, an raba sabon maganin tsargiya na haɗiya, firazikwantel, wanda ya kawo ƙarshen azabar allura, an kai ruwan sha ƙauyuka. Aiki ya yi kyau ƙwarai. Tsargiyar hanji da ta kama fiye da rabin mutane a wasu wurare ta sauko ƙasa da kashi 10 cikin 100, zazzaɓi ya yi ƙasa sosai. Matasan masu bincike da dama sun samu digirorinsu daga wannan fage, wasu da tallafin shirin TDR na binciken cutukan ƙasashe masu zafi da aka kafa a 1975.

Sai wa'adi ya cika. Juyin mulkin 1989 ya kori masu ba da tallafi, motoci suka tsaya babu kayan gyara, maganin feshi ya ƙare. Cikin shekaru kaɗan, a 1993 da 1994, zazzaɓi ya dawo Jazira da ƙarfin annoba, ya tarar da mutanen da jikinsu ya manta da shi. Sabuwar gwamnati ta buɗe jami'o'i barkatai daga 1990 ba tare da kuɗin riƙe su ba, ta sallami malamai da sunan maslahar jama'a, hauhawar farashi ta cinye albashi. Malaman da aka kashe dukiya wajen horar da su suka nufi Saudiyya da ƙasashen Tekun Fasha da Ingila da Ayalan. Takunkumin da Amurka ta sa daga 1997 zuwa 2017 ya sa sayen sinadarin gwaji ko karɓar kuɗin tallafi ta banki ya zama jidali. Abin dariya mai kama da kuka shi ne, a Hartum ɗin nan ne ministocin Tarayyar Afirka suka zauna a 2006 suka amince kowace ƙasa ta ware kashi 1 cikin 100 na arzikinta don bincike. Malaman asibitocin koyarwa na Zariya da Kano da Sakkwato ba sa bukatar a fassara musu wannan babi.

Duk da haka wasu sun zauna, kuma abin da suka yi ya shafi manomin Sinnar kai tsaye. Akwai cutar da mutanen wurin ke kira madura, wadda ke shiga ƙafa, galibi ta hanyar ƙaya, ta kumbura ta a hankali tana fitar da ƙananan tsaba, har ta kai ga yanke ƙafar. Cutar manomi ce da makiyayi mai tafiya ba takalmi, kuma Jazira da Sinnar na cikin wuraren da ta fi yawa a duniya. Farfesa Ahmad Hasan Fahal, likitan fiɗa, ya kafa cibiyar bincikenta a asibitin koyarwa na Soba a 1991, ya riƙe ta da ɗan abin da ya samu, yana horar da matasa, yana kai tawagar likitoci ƙauyukan Sinnar irin su Wad Unsa. Shekara 25 aka yi kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cutar cikin jerin cutukan da aka yi wa sakaci, a watan Mayun 2016. Wannan suna shi ya buɗe ƙofar kuɗi. A 2017 aka fara gwajin wani sabon magani a cibiyar tare da ƙungiyar DNDi da kamfanin Eisai na Japan, gwaji irinsa na farko a tarihin cutar. Tallafin ya zo ne saboda ya tarar da mutum a zaune, da ɗalibansa, da bayanan dubban marasa lafiya da aka tara tun ba mai biya.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya bi ta kan yawancin wuraren Sudan da aka ambata a wannan rubutu. A makonnin farko mayaƙa suka mamaye ɗakin gwaje-gwaje na ƙasa, magajin ɗakunan Stack, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan ƙwayoyin cutar da ke ajiye a ciki. Wad Madani ta faɗi a Disambar 2023, karatu ya tsaya a harabar Jami'ar Jazira, malamai suka watse suna koyar da ɗalibai ta intanet daga wasu garuruwa da ƙasashe. Sinja ta faɗi a ƙarshen Yunin 2024, Mai Wurno ta samu kanta tsakaninta da Sinnar da aka yi wa ƙawanya. Sojoji sun karɓe Sinja a Nuwambar 2024, Wad Madani kuma a Janairun 2025. Da ma'aikatan cibiyar madura suka samu komawa Soba, sun tarar an wawashe ta, samfurorin da aka shekara fiye da talatin ana tarawa sun lalace.