Kano Pillars: a lokacin hutu ake cin kofi, a nan kuma ake zubar da shi

1/ Jama'a, an naɗa Ahmed Musa babban manajan Kano Pillars a watan Yulin 2025, a lokacin da sabuwar kaka ta ƙarato. A gidajen kallo daga Ƙaura Namoda har Shinkafi da Zurmi musu ya kaure: zai iya ko ba zai iya ba? Kafin mu yanke hukunci, mu waiwayi tarihi. Ku biyo ni 🧵

2/ Ita kanta Pillars garambawul ne ya haife ta. A 1990 aka haɗe ƙungiyoyi uku na Kano, WRECA da Golden Stars da Bank of the North, aka yi guda ɗaya. Amma sai da ta shekara 18 kafin ta ɗaga kofin gasar Najeriya, a 2008, ƙarƙashin koci Kadiri Ikhana.

3/ Shekarar da ta biyo baya ita ce wadda yayyenmu ba sa gajiya da labarinta. A gasar Zakarun Afirka ta 2009 Pillars ta haɗu da Al Ahly ta Masar, mai riƙe da kofin. Aka tashi 1-1 a Kano, aka je Alƙahira aka yi 2-2. Ƙwallayen waje suka fitar da Al Ahly. Sai a wasan kusa da na ƙarshe Heartland ta tsayar da Masu Gida.

4/ A kakar 2009/10 wani yaro daga Jos ya zura ƙwallo 18, ya goge tarihin 17 da Ishaya Jatau ya kafa tun 1990. Ahmed Musa ke nan. Ana shiga hutu ya wuce VVV-Venlo ta Holan. Da wata ƙungiyar ce, shi ke nan an karye. Pillars ba ta karye ba. Me ya sa?

5/ Saboda ƙashin bayanta yana nan. Rabi'u Ali Pele a tsakiya, Gambo Mohammed a gaba, Theophilus Afelokhai a raga. Mutanen da suka san juna, suka san filin Sani Abacha kamar tsakar gidansu. Da su aka ci kofi sau uku a jere: 2012, 2013, 2014.

6/ Ku lura da wannan sosai. Biyun farko Baba Ganaru ne koci. Ya tafi, Okey Emordi ya karɓa, aka sake cin kofin a 2014. Koci ya canza, 'yan wasa ba su watse ba, kofi ya zauna. Mai gyaran gida da damina ba ya kwashe jinka gaba ɗaya, inda ke yoyo yake toshewa.

7/ Sai 2015 ta zo da nata. A watan Maris, suna hanyar Owerri don wasan buɗe kaka, 'yan bindiga suka buɗe wa motarsu wuta a hanyar Abuja zuwa Lokoja. 'Yan wasa biyar suka ji rauni, har da Gambo. Mu 'yan Zamfara ba sai an yi mana bayanin tashin hankalin hanya ba.

8/ A watan Agustan shekarar Nasarawa United ta zo Kano ta ci 2-1. Wasa 202 a gida, shekara 12, babu wanda ya doke su, ranar aka rufe littafin. Tun daga 2014 har yau kofin gasar bai koma Kano ba. Abin da aka samu shi ne kofin ƙalubale na 2019, da aka doke Niger Tornadoes a bugun fenareti a Kaduna.

9/ Yanzu ga inda darasin yake da ɗaci. A Afrilun 2021 Ahmed Musa ya dawo Pillars na ɗan lokaci, gari ya ɗauka, hotuna ko'ina. Kaka ɗaya bayan nan, a 2022, ƙungiyar ta faɗa rukuni na biyu. Wasannin gida a Kaduna da Abuja, ga maki da aka zaftare mata saboda rikici a fili. Babban suna bai toshe waɗannan ramukan ba.

10/ Katsina United ma tare suka faɗi, tare kuma suka dawo a 2023. Amma kar ku ɗauka dawowa dole ce. Zamfara United ta Gusau ta taɓa buga babbar gasar nan. Ta faɗi, har yau ba mu sake ganin ta a can ba. Yara da yawa ba su ma san an yi ba.

11/ A gasar NFL ta ƙwallon Amurka, ƙungiyar da ta zo ta ƙarshe ita ke fara zaɓen gwanayen matasa daga jami'o'i, kuma ba a korar kowa. A nan ƙungiya 20 ne, huɗu na ƙasa sai rukuni na biyu. Kuskuren watan Yuli, a watan Mayu ake biyan bashinsa.

12/ To, masoya Masu Gida, ga abin dubawa a bana. 'Yan wasa nawa aka riƙe cikin na bara? Albashi yana fita a kan lokaci? Za a bar koci ya gama kakarsa, ko wasa uku aka rasa sai takardar dakatarwa? Magoya baya za su riƙe hannunsu in alƙalin wasa ya ɓata musu rai?

13/ Ahmed Musa ya san Pillars ta 2010 da ta 2021, ya ga mai ƙarfi ya ga mai rauni. In ya tuna abin da ya bambanta su, Kano na da rabo. Ku fa, wa za ku riƙe, wa za ku sallama? Ina jiran ku a ƙasa. Sai Masu Gida! 💛💚