Daga Akurki Zuwa Firji: Tarihin Kiwon Kaji a Zangon Kumasi

Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 ya tarwatsa kasuwar goro, Turawan Ingila kuma suka mamaye Kumasi a 1896, sai fatake Hausawa suka gangaro kudu, Zango ya cika ya batse. Maza suna fataucin goro da shanu, mata kuwa suna riƙe da akurki a bayan ɗaki. Kaza ta yini tana tona a tsakar gida, ta ci dusa da tsaki da ragowar tuwo. In baƙo ya sauka a yanka ta, in ciwo ya zo a kai ta kasuwa. Abin da yau ake kira kiwo marar sinadari, shi iyayenmu suke yi ba tare da sun raɗa masa suna ba. Babbar fargabarsu ita ce annobar hunturu, wadda kan share akurki cikin 'yan kwanaki.

Kiwon zamani ya kankama ne bayan samun 'yancin Ghana a 1957. Kwabena Darko, wanda ya koyo sana'ar a Isra'ila, ya kafa Darko Farms a 1967 da 'yan tsaki 900, har gonar ta zama ɗaya daga cikin manyan kamfanonin iyali na ƙasar. Shirin ciyar da kai da gwamnatin Acheampong ta ƙaddamar a 1972 ya ƙara wa manoma ƙarfin gwiwa. Musulmin Kumasi ma ba a bar su a baya ba: Alhaji Abdul Salam Akate, mai Akate Farms, shi ne gwarzon manomin Ghana na 2007.

Sai dai tun daga 1983, da Ghana ta rungumi sharuɗɗan Asusun Lamuni na Duniya, aka buɗe ƙofa ga daskararrun cinyoyi da fukafukai daga Turai da Amurka da Brazil. A 2003 majalisa ta ɗaga harajinsu daga kashi 20 zuwa 40 cikin ɗari, amma ba a daɗe ba aka janye ƙarin saboda matsin lambar Asusun. Ga arahar kazar firji, ga tsadar masara da waken suya, dole gonaki da yawa suka rufe. Waɗanda suka tsira galibi sun koma kiwon kajin ƙwai, domin ƙwai ba ya jure doguwar tafiyar teku.

Akurkin Zango kuwa bai mutu ba. Ranar suna ko jajiberin Sallah, magidanci a Aboabo ko Asawase ya fi son kaza mai rai, ko zabuwar da aka sauko da ita daga Bolgatanga, ya ɗaga ta ya ji nauyinta, ya kuma san wanda ya yi bisimilla ya yanka. Wannan amanar ce kwalin da ya fito daga tashar jirgin ruwan Tema ya kasa bayarwa, kuma ita ce jarin da ya rage wa duk iyalin da ke son gadar wa 'ya'yansa wannan sana'a.