Daga Ɗan Alaro Zuwa Kwatamasta: Aikin Kayan Soja a Fagge da Sabon Garin Kano

Ran 29 ga watan Janairu na 1903 Kanar Morland ya tashi daga Zariya da sojoji fiye da 700 ya nufi Kano, ran 3 ga Fabrairu birnin ya faɗa hannunsa. Littattafan tarihi sun ambaci igwa 4 da bindigogi masu ruwa 4 da ya zo da su, amma ba su cika tsayawa kan yadda waɗannan makamai suka iso bakin ganuwa ba. A kai suka zo. Kwance igwar aka yi gunduwa-gunduwa aka ɗora wa mutane, haka akwatunan harsashi, da tantuna, da magunguna, da abincin Turawan. Ɗaruruwan 'yan alaro ne suka yi wannan aiki, ba kuwa wanda ya rubuta sunayensu.

Aikin kayan soja iri biyu ne: akwai ɗaukar kayan, akwai kuma tsaronsu da ƙididdige su. Na farko na bukatar wuya mai ƙarfi, na biyu na bukatar alƙalami da mabuɗi. Abin da tarihin bayan ganuwar Kano ta gabas da arewa ke nunawa shi ne, a zamanin Turawa an raba waɗannan ayyuka biyu tsakanin jama'a biyu, rabon kuma ya yi kama ƙwarai da rabon da aka yi tsakanin Fagge da Sabon Gari.

Kafin Turawa

Ba Turawa ne suka koya wa Kanawa tanadin kayan yaƙi ba. Tarihin sarakunan Kano ya danganta shigowar lifidi da kwalkwali da sulke ga Sarki Kanajeji, a farkon ƙarni na 15, ya kuma nuna Babba Zaki, a ƙarni na 18, shi ne ya fara kafa 'yan bindiga na fada. Irin waɗannan kaya suna da tsada, ba a barin su a hannun kowa. Ma'aji ke riƙe da taska, Shamaki ke lura da bargar sarki, bindigogi da albarushi kuwa a ƙarni na 19 galibi suna hannun manyan bayin sarki. Hikimar a fili take: bawan sarki ba ya gadon sarauta, saboda haka ba a tsoron ya juya makaman ya nemi gadon mulki. Amma fa abincin mayaƙa ba a taska yake ba. Kowa da guzurinsa, idan ya ƙare a ci abin da aka tarar. Shi ya sa yaƙi ya zama sana'ar rani, bayan an yi girbi rumbuna sun cika.

Inda aka ƙware a sarrafa kaya masu yawa a doguwar tafiya shi ne wajen fatake, kuma a nan Fagge ta shigo. Fagge fili ne a bayan ganuwa inda ayarin Azbinawa ke sauke gishirin Bilma, su huta da raƙumansu, su yi lodin gero da tufafi su koma. Irin wannan ayari ne Barth ya biyo ya iso Kano a 1851. Ayarin Hausawa masu zuwa Gwanja sayen goro kuwa yana da tsari wanda ba ya rasa kama da na runduna: madugu ke shugabanci, jagaba ke gaba, uban dawaki ke tara kuɗin fito da na hanya, ga malamin ayari. A zango kuma akwai fatoma, mai saukar da baƙo, ya adana masa kaya, ya nema masa mai saye, ya tsaya masa a kan bashi. Duk wanda ya san aikin fatoma ya san rabin aikin mai tsaron sito. Abin da ya rage masa shi ne rubutun boko.

Lissafin ɗan alaro

Rundunar da Lugga ya kafa a 1897, wadda aka fi sani da WAFF, ta dogara ne ga kan mutum. Kayan ɗan alaro ɗaya wajen laba 60 ne. Idan aka ƙaddara yana cin laba 2 na hatsi a yini, to in abinci kaɗai ya ɗauko, cikin kwana 30 zai cinye kayansa ƙarƙaf bai kai wa kowa kome ba. In kuwa zai je ya dawo, kwana 15 ke nan iyakar nisansa. Wannan ɗan lissafi shi ya hukunta yaƙe-yaƙen farkon mulkin mallaka. Dole runduna ta ci daga ƙauyukan da ta ratsa, da saye ko da ƙarfi, dole kuma a matsa wa hakimai da dagatai su kawo mutane. Talakawa sun tsani wannan aiki kamar yadda suka tsani sauran aikin tilas, har sukan watse cikin daji in sun ji runduna na tafe. A yaƙin Kamaru na 1914 zuwa 1916, da na Afirka ta Gabas da ya biyo baya, an ɗebi dubban 'yan alaro daga Nijeriya, cuta da yunwa suka kashe da yawa daga cikinsu, nesa da bakin daga.

Isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 ta sauya lissafin. Tashar da kantunan kamfanoni da barikin soja duk a wajen ganuwa aka kafa su, don haka kaya suka riƙa taruwa a wannan yanki. A 1913 aka yanka Sabon Gari, kuma tsofaffin sojojin WAFF suna cikin waɗanda aka fara ba wa fuloti. Ba a daɗe ba unguwar ta cika da ma'aikatan reluwe da akawuna da masu tsaron sito daga Kudu da Saliyo da Gwalkwas, watau mutanen da suka yi makarantar mishan. Fagge kuma ta zama masaukin baƙin Arewa Musulmi waɗanda ba 'yan birni ba, 'yan dako da lebura da dillalai. Hukuma ba ta bari mishan ya buɗe makarantu yadda ya so a masarautun Musulmi ba, makarantun gwamnati kuma kaɗan ne. Sakamakon haka, a bakin sito ɗaya sai a ga mutumin Fagge da buhu a kai, mutumin Sabon Gari da littafi a hannu yana ƙirga. Ba wata baiwa ce ta raba su ba, manufar ilmi ce ta gwamnatin lokacin.

Harshe ma ya adana alamar wannan zamani. Sito, da kanti, da bariki, da heluma, da lebura, da kurtu, da samanja, da kwatamasta, duk aro ne daga Ingilishi, yawancinsu kuma ta bakin soja da ɗan dako suka shigo, ba ta bakin malamin makaranta ba. Kanti, alal misali, asalinsa sunan shagon bariki ne, ga shi yau a Kantin Kwari.

Hanyar Takoradi

Jiragen sama 3 na sojan Ingila sun sauka Kano a Nuwamba 1925, sun taso daga Masar, kuma a 1936 aka fara zirga-zirgar jirgin haya tsakanin Hartum da Kano. Muhimmancin wannan bai bayyana ba sai a 1940, sa'ad da Italiya ta shiga yaƙin Hitila, Bahar Rum ya zama mai haɗari ga jiragen ruwan Ingila. Sai aka koma kawo jiragen yaƙi cikin akwatuna zuwa Takoradi a Gwalkwas, a harhaɗa su can, su taso ta Ikko, Kano, Maiduguri, El Fasher, Hartum, har Masar, tafiyar fiye da mil 3,500. Rukunin farko ya tashi a Satumba 1940, kafin ƙarshen 1943 jirage fiye da 5,000 sun bi wannan hanya. Amurkawa ma sun shigo cikin aikin daga 1941.

Ko wane jirgi da ya sauka Kano yana bukatar mai, da ruwa, da kayan gyara. Man daga Apapa yake zuwa ta jirgin ƙasa, cikin duro da garwa, a sauke a Kano, a ɗora na Maiduguri a mota. Filin jirgin yana arewa da Sabon Gari, ke nan duk wannan kaya a tsakanin tasha da Fagge da Sabon Gari yake kai da kawowa. Ga shi kuwa Nijar tana hannun Faransawan Vishi har zuwa ƙarshen 1942, iyakarta ba ta da nisa. Wanda ke shakkar darajar sito a yaƙi ya dubi abin da ya faru a Fort Lami, N'Djamena ta yau, a Janairu 1942: jirgin Jamus ƙwaya ɗaya ya ratso Sahara, bai nemi bariki ba, ma'ajiyar mai ya jefa wa bam ya ƙone ta.

A wannan yaƙi ne aikin kaya ya zama sana'a mai suna a sojan Afirka ta Yamma, aka kafa sashen abinci da sufuri, da sashen makamai da tufafi. Ana bukatar direbobi da makanikai da akawuna da masu tsaron sito dubbai, sharaɗin kuma shi ne karatu da Ingilishi. Sai tsohon rabon ya maimaita kansa cikin kaki: masu sana'a galibi daga Kudu, masu bindiga da masu dako galibi daga Arewa. Har a Boma, Runduna ta 81 da aka kafa a 1943 ta tafi da rukunan sojoji waɗanda aikinsu ɗaukar kaya a kai, a dazukan kwarin Kaladan inda mota ba ta shiga. Jirgin sama ya jefo kaya, kan mutum ya ƙarasa da su. Shekara 40 bayan Morland, ɗan alaro yana nan, sai dai yanzu yana da lamba da albashi. Da aka sallami sojoji bayan 1945, wanda ya koyi tuƙi ko lissafin sito ya sami aiki a kamfani ko ya shiga harkar mota, wanda ya yi dako kuwa ya koma inda ya fito.

Littafi da mabuɗi

Ya kamata a faɗi abin da aikin ya ƙunsa, domin mutane da yawa sun ɗauka zaman inuwa ne. A tsarin da Nijeriya ta gada, ko wane kamfani na soja yana da sajan mai kula da kaya, ko wace bataliya tana da kwatamasta, wanda bisa al'ada tsohon soja ne da ya taso daga kurtu ya kai hafsa. Ba abin da ke shiga sito ko ya fita sai da takarda mai sa hannu, daga bargo har harsashi. Ana ƙidaya lokaci-lokaci a gwada da littafi, abin da ya ɓace a kafa kwamitin bincike, in an kama mutum da sakaci a yanke a albashinsa. Aiki ne da ba a yabon mai shi in ya yi daidai, jarabarsa kuma kullum tana gabansa, don kayan sito kuɗi ne a kasuwa. Ɗakin makamai kuwa yana da doka tasa dabam, da mai gadi, da littafin fitar da bindiga.

Shekarar 1966 ta nuna abin da ke rataye a wannan mabuɗi. Laftanan Kanar Odumegwu Ojukwu, wanda ya taɓa riƙe muƙamin Kwatamasta Janar, shi ke shugabancin Bataliya ta 5 a Kano a watan Janairu, ya ƙi ba Manjo Nzeogwu haɗin kai. A Ikko kuwa masu juyin mulkin sun kashe Kwatamasta Janar na lokacin, Laftanan Kanar Arthur Unegbe. Labarin da ya yaɗu shi ne ya hana su mabuɗin ɗakin makamai, amma wasu masu tarihi sun musa, hujjarsu ita ce mai wannan muƙami ba shi ke yawo da mabuɗi a aljihu ba. Ran 1 ga Oktoba na wannan shekara sojojin Bataliya ta 5 suka yi tawaye, suka fito da makamai, suka kashe 'yan Gabas masu yawa a filin jirgin sama da tashar jirgin ƙasa da Sabon Gari. Cikin waɗanda suka mutu ko suka gudu akwai akawuna da ma'aikatan reluwe, watau zuriyar masu riƙe da littafi tun 1913. Tafiyarsu ta bar ofisoshi da sitoci ba ma'aikata, ala tilas 'yan Arewa suka shiga gurabun cikin gaggawa, wasu ba tare da horo ba. A Agusta 1967, yaƙin basasa na wata na biyu, manyan jiragen dakon kaya na Rasha suka sauka a filin Kano ɗauke da jiragen yaƙi samfurin MiG a kwance, aka harhaɗa su a nan, kamar yadda aka yi a Takoradi shekara 27 da suka wuce.

Barikin Bukavu, wanda ya ci sunan garin Kwango inda sojojin Nijeriya suka yi aikin Majalisar Ɗinkin Duniya a 1960, yana nan a ƙaramar hukumar Fagge. Aikin kaya yanzu hanya ce da hafsa zai bi tun daga laftanan har janar, a sashen makamai ko a sashen abinci da sufuri, ba kuma a tambayar unguwar da ya fito kafin a ba shi littafi. A 2021 sojan ruwa suka ba da sanarwar kafa wata cibiya a Jihar Kano, jama'a suka yi ta ba'a suna tambayar ina teku a Kano. Abin da aka kafa a Dawakin Tofa kwaleji ce ta koyar da sayen kaya, da adana su, da rarraba su.